Zauren Edita: "Kowa So Yake Sunansa Ya Fito a Farkon Fim Ɗina"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya fama da jama'a. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta aikin jarida a nan Katsina, kuma aikin kammala karatuna gajeren fim ne na minti 11. Na sa mashi suna Ƙurar Hunturu. Labarin wani yaro ne ɗan garuwa da ke tura kurar ruwa da asuba a lungunan Ƙofar Sauri.

Matsalata farkon fim ɗin. Buɗewar sakan 50 ce, amma sunaye 14 gare ni da zan sa. Akwai malamin da ke duba aikina, akwai 'yan ajinmu biyar da suka riƙe kyamara da makirfo, akwai ƙawata da ta dafa mamu abinci kwana uku, akwai Kawuna da ya ba mu aron janareta kuma ya riga ya faɗa wa abokansa cewa zai fito a fim. Na jera su duka, sai na ga kamar takardar gayyatar biki. Sannan harafin Ƙ na sunan fim ɗin ya ƙi zama daidai da sauran, wani lokaci ma sai ya koma ɗan akwati. Na turo maka buɗewar ta WhatsApp. Don Allah sunaye nawa ya kamata in sa, a ina, da wane irin rubutu, kuma kowanne ya daɗe kamar yaya?

Nafisa, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yata Nafisa. Lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na kalli abin da kika turo sau uku. Sau ɗaya a kwamfutar shago, sau ɗaya a wayata, na ukun kuma na miƙa wa yaron shagona ya kalla, ni na tsaya ina kallon idonsa. Da ya gama na ce mashi, "Me ya samu yaron nan mai kura?" Ya ce, "Oga, ruwa yake turawa." Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan.

Alhali ba shi ke nan ba. A sakan na 19 yaron ya tsaya cak, ya duƙa, ya ga jarka ɗaya tana yoyo. Ya cire hularsa ya danna a wurin, sannan ya waiga ya dubi hanyar da ya baro, ga layin ruwa nan ya jiƙa ƙasa tun daga kwanar lungu. Kuɗinsa ne ke zuba. Wannan shi ne hoto mafi kyau da kika ɗauka a buɗewar nan, kuma daidai nan kika ɗora "Sauti da Kiɗa" da sunaye biyu, manya-manya, launin ruwan ƙwai, har ɗaya ya rufe mashi rabin fuska. Yaron shagona karatu yake yi lokacin da jarkar ke yoyo. Ba laifinsa ba ne. Duk wanda ya iya karatu, da zarar rubutu ya bayyana a gabansa sai idonsa ya tafi can ko bai so ba. Taura biyu ba ta taunuwa: ko dai mai kallo ya karanta suna, ko ya karanta fuska.

To abin da za ki fara nema shi ne inda ba a komai a cikin hotonki, wato inda ido yake hutawa. Na samo maki wuri uku, kuma duk ke kika ɗauke su da hannunki ba ki lura ba. Na farko sararin sama a hoton farko, inda hazo ya lulluɓe komai, rabin hoton fari fat, sai inuwar rufin kwano daga ƙasa. Na biyu doguwar katangar ƙasa da yaron yake bi ta gefenta daga sakan na 8 zuwa na 15. Yana hagu, katangar ta cinye dama gaba ɗaya, ba taga ba ƙofa. Na uku kuwa shi ne bayan kurar ta fice daga hoto, aka bar ƙasa kawai da layin ruwan nan yana bushewa. Kin yanke wannan hoton da wuri. In akwai sauransa a kwamfutarki, ki ƙara mashi sakan biyar, ki ajiye sunan fim ɗin a nan, shi kaɗai, sama kaɗan da layin ruwan. Mai kallo ya ga ƙura, ya ga ruwan da ƙura ke shanyewa, sannan ya karanta Ƙurar Hunturu. Ba ki buƙatar wani kiɗa mai ƙarfi ya taya ki.

Da ma a ce kin zo mani kafin ku fita aiki, da na ce ki yi wa rubutun wurin zama tun a lokeshin, kamar yadda ake shimfiɗa wa baƙo tabarma kafin ya iso. A tura jarumi gefe ɗaya, a bar ɗaya gefen fili, a bar kyamara ta ci gaba da ɗauka bayan an gama motsi. Ke Allah ya taimake ki, hunturu ya yi maki wannan aikin kyauta.

Wuri uku, saboda haka rubutu uku. A sama cikin hazo, sunan sashenku da "ya gabatar". In dokar sashen ta ce dole sunan malami ya fito a farko, ki tambaya ki ji, sai ki sa shi a ƙarƙashin wannan da ƙananan haruffa, "Ƙarƙashin kulawar" wane. A jikin katanga, sunan yaron da ya fito a ɗan garuwa, domin shi ya ɗauki fim ɗin a ka. Sai sunan fim. Sauran duka su koma ƙarshe, har da naki.

Na san nan ne za ki ɓata rai. A tsarin manyan fina-finan Amurka akwai jeri da aka saba: kamfani, manyan jarumai, sunan fim, sauran 'yan wasa, mai kiɗa, mai tace hoto, mai ɗaukar hoto, furodusa, marubuci, sannan darakta ya zo ƙarshe daf da fara labari. Zuwan darakta a ƙarshe ba ra'ayi ba ne, yana cikin yarjejeniyar ƙungiyar daraktocinsu. Har rigima an yi a kai. George Lucas ya buɗe Star Wars a 1977 ba tare da jera sunayen ma'aikata ba, da ya maimaita haka a kashi na biyu a 1980 ƙungiyar ta ci shi tara, ya biya, ya fice daga cikinta. Amma fa waɗannan fina-finai ne na awa biyu. Ke minti 11 gare ki. In kika ba sunaye minti ɗaya da rabi, kin ba su kusan kashi ɗaya cikin bakwai na fim ɗin. Ki bari hoton ƙarshe ya ɗauke, allo ya yi baƙi, sannan a ga "Labari da Umarni: Nafisa" shi kaɗai. A lokacin ne mutane ke son sanin wa ya yi wannan abu. Kuma sau ɗaya ya isa. Na sha ganin fim ɗin ɗalibi inda Labari shi ne, Tsarawa shi ne, Ɗaukar Hoto shi ne, Tacewa shi ne, Shiryawa shi ne, Umarni shi ne, har 'yan aji su fara amsa sunan tare kamar ana karatun allo.

Bari in ba ki labarin kaina, don kada ki ɗauka da iyawa aka haife ni. Wajen 2004 ina yaron wani edita a Kano, lokacin kaset ɗin bidiyo bai gama mutuwa ba, faifan CD yana shigowa. Aka ba ni in haɗa sunayen wani fim, karo na farko. Manhajar da muke aiki da ita tana da kwalliya iri-iri, ni kuwa ban bar ko ɗaya ba. Haruffa na zinariya suna juyi kamar fanka, wasu suna fitowa daga cikin wuta, wasu suna faɗowa daga sama su yi tsalle. Minti uku cur. Na kuma tura sunayen can gefen dama, har bakin hoto, don in nuna fuskokin jarumai. A kwamfuta komai ya zauna daram. Ranar da aka sa kaset ɗin a talabijin mai ƙeya a ofishin furodusa, sai ga sunan jarumar, Hassana, ya fito "Hassan". Talabijin ɗin ya cinye harafin ƙarshe. Ita kuwa tana zaune a kan kujera, da jakarta a cinya. Ba ta ce komai ba, ta dube ni kawai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana biyu na yi ina sake aikin, kuma maigidana bai biya ni ko sisi a kai ba, gaskiyarsa.

Abin da ya faru shi ne tsofaffin talabijin suna ɓoye bakin hoto ta kowane gefe. Shi ya sa masu aikin talabijin suka yi iyaka: a da, rubutu ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na tsakiyar hoto. A ma'aunin yanzu an sassauta zuwa kashi 90. In hotonki ɗigo 1920 ne a faɗi, 1080 a tsayi (ɗigo su ne ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su ba da hoto), kashi 90 na nufin ki bar ɗigo 96 hagu da dama, 54 sama da ƙasa. Manhajojin tace fim, Premiere Pro da DaVinci Resolve, duk suna da maɓallin da zai zana maki wannan akwatin a kan hoto, ki kunna shi ki bar shi a kunne. Ni dai har gobe tsohuwar iyakar nake bi, ta kashi 80. Dalili kuwa, na san inda za a haska fim ɗinki: ɗakin lacca, da majigin da aka ɗora a kan littattafai biyu, rabin hasken yana kan farin allo, bakinsa yana kan bango. Bayan nan kuma YouTube, inda layin nan na ƙasa ke hawa kan duk abin da kika ajiye a can. Ki kuma bar ƙasan hoto fili saboda fassarar Turanci, in za ki sa. Wani abu kuma: na ga kin sa baƙin layi sama da ƙasa don ya yi kama da na silima. Ba laifi, amma kowane layi yana cin kusan ɗigo 138. Ki fara sa su kafin ki jera rubutu, in ba haka ba za su yanke maki shi.

Yanzu ga maganar Ƙ, wadda ta fi komai ba ni dariya a wasiƙarki, don ba ki san girman haɗarin da kike ciki ba. In lanƙwasar nan ta faɗi, fim ɗinki ya tashi daga Ƙurar Hunturu ya koma Kurar Hunturu. Wani zai zaci dabbar dawa ce. Mafi muni, tunda akwai kurar ruwa a fim ɗin, yawancin mutane za su ɗauka ita kike nufi, ba wanda zai ma gane an yi kuskure, ma'anar da kika sha wahala a kanta ta tafi a banza. Dalilin matsalar shi ne yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfuta an zana su ne don harsunan Turai, babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsu. In kika buga Ƙ, sai manhajar ta aro shi daga wani salon daban, shi ya sa kike ganinsa siriri ko gajere kamar bare a cikin 'yan gida. In ba ta samu inda za ta aro ba, ta ba ki akwati. Maganin ba wuya. Ki sauke Noto Sans ko Noto Serif na Google, ko kuma Andika, Charis da Gentium na SIL, wata ƙungiya mai aikin harsuna. Dukkansu kyauta ne, an halatta amfani da su a fim, kuma suna da haruffanmu manya da ƙanana. Kafin ki amince da kowane salo, ki gwada shi da ƙofofin garinmu: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar 'Yanɗaka. In ya rubuta waɗannan lafiya, zai rubuta komai. Kada kuma ki yi dabarar nan ta sa K sannan ki manna mata waƙafi a ka. Ana ganewa.

Salo ɗaya ya ishe ki a fim ɗin gaba ɗaya, ki riƙa bambantawa da girma kawai: aikin mutum da ƙanana, sunansa da manya kaɗan. Ki guji haruffa masu siririn jiki da masu jela irin na katin ɗaurin aure, domin da zarar fim ya bi ta WhatsApp an matse shi, siraran layuka su ne farkon narkewa. Ja ma haka. Bidiyon da muke kallo a waya yana adana haske dalla-dalla amma yana tsuke bayanin launi, shi ya sa jan rubutu a kan shuɗi ko baƙi yake yin gashi-gashi a baki. A kan katangar ƙasarki, fari mai ɗan duhu kamar na nono zai zauna. A kan hazo kuwa fari zai ɓace, sai ki ɗauko launin ƙasa mai duhu daga jikin katangar kanta. Ki cire inuwar nan mai kauri da kika sa a bayan haruffa. In rubutu bai karantu ba sai da ita, wurin ne bai dace ba.

Tsawon lokaci kuma ba sai da lissafi ba. Ki karanta rubutun da baki, a hankali, sau biyu, kamar kina karanta wa Kaka. Abin da ya ɗauka shi ne tsawonsa, yawanci sakan uku zuwa huɗu. Ki bar shi ya shigo a hankali cikin rabin sakan, ya fita a rabin sakan. In a hoto 25 cikin sakan kike aiki, kusan hotuna 12 ke nan. Kada suna ya tsallaka daga wani hoto zuwa wani, ya shigo bayan yanka, ya fita kafin yanka na gaba. Da kin gama, ki tura wa wayarki, ki fita tsakar gida da rana, ki miƙe hannu ki karanta. Abin da bai karantu a nan ba, ki ƙara mashi girma.

Kada ki ji na ce kwalliya haramun ce. Akwai wani Ba'amurke, Saul Bass, wanda ya rasu a 1996, da ya mayar da rubutun farkon fim sana'a mai zaman kanta. A The Man with the Golden Arm na 1955, fim a kan mai shaye-shaye, fararen layuka kawai ya sa a kan baƙi, suna shigowa suna fita, a ƙarshe suka haɗu suka zama karkataccen hannu. Motsi ne, amma motsin yana faɗin abin da fim ɗin zai faɗa. Zinariyata mai juyi kamar fanka ba ta faɗin komai sai "ku ga abin da na iya". In kina son taki kwalliyar, ga wadda ta fito daga cikin labarinki: ki sa sunan fim ɗin ya dusashe a hankali, daidai da yadda layin ruwan ke bushewa a ƙasa.

Saura Kawu. Ki yi mashi allo nasa a ƙarshe, "Godiya ta Musamman", sunansa a sama da cikakkiyar sarautarsa ko Alhajinsa, yadda yake so a kira shi. Ki je har gida ki tambaye shi yadda ake rubutawa, don akwai Muhammad, akwai Muhammadu, akwai Mamman, kuma kowa ya san nasa. Ranar haskawa ki zaunar da shi a gaba, ki roƙi mai majigi kada ya kashe sai sunaye sun ƙare. Ƙawarki mai girki ma ki rubuta "Abinci" da sunanta. Duk wanda ya taɓa wuni a lokeshin ya san ba ƙaramin matsayi ba ne.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina haɗa ɗan fim a kan masu zuwa ziyara rijiyar Kusugu, ina so sunansa ya fito da ajami. Amma duk lokacin da na rubuta a manhajar, sai haruffan su rarrabu, su kuma juya baya. Ya zan yi?

Sagir, Daura

AMSA

Barka kadai, Sagir. Manhajarka tana jera haruffan daga hagu zuwa dama ne kamar boko, ba ta san ana haɗa su ba. A cikin saitin rubutu akwai wurin zaɓar tsarin harsunan Gabas ta Tsakiya. Ka kunna shi, ka sake bugawa. SIL suna da salo biyu da aka yi don ajamin yankinmu, Alkalami wanda ya bi hannun Kano, da Harmattan. Su ma kyauta ne.

Sai dai in ni ne kai, ba zan buga da kwamfuta ba. Kana Daura, tsangaya ba ta yi maka nisa ba. Ka sayi farar takarda mai kauri, ka je wurin alaramman da aka san shi da kyan hannu, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka yi mashi bayanin abin da kake yi, ka roƙe shi ya rubuta maka sunan da alƙalamin kara da tawada, babba, sau uku ko huɗu don ka zaɓa. Ka ɗauki hoton takardar a inuwa da hantsi, wayar tana kallonta kai-tsaye ba a karkace ba. A kwamfuta ka cire farin, ka bar tawadar, in kana so ka juya ta ta koma fara. Inda alƙalami ya ɗan bushe, inda tawada ta taru a gindin harafi, kada ka goge, shi ne daɗin abin.

Ka lura da abu biyu. Hannun tsangaya na Warshu ne: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama, saboda haka wanda ya saba da bugun Hafsu na Islamiyya zai iya karanta ƙaf a matsayin fa. Ka sa boko ƙarami a ƙarƙashi, kowa ya huta. Na biyu, kada ka kwantar da haruffan a ƙasa inda ƙafafun maziyarta ke wucewa, ko da kuwa kalmar Hausa ce zalla ba aya ba. Mutanenmu ba za su tsaya tantancewa ba, kuma da gaskiyarsu. Ka ɗora shi a sama, ko a kan baƙin allo kafin hoton farko. Ka kai wa Malam abin goro mai kauri, sannan a jerin ƙarshe ka rubuta "Rubutun Hannu" da sunansa, bayan ka tambaye shi ko yana so a sa.